Tulun Baba a Kan Cediya

Alhamis, da yamma

Yau aka kwaso Baba. Mata ba sa zuwa inda ake ƙona gawa, don haka abin da ya faru a can ji na yi, ban gani ba. Yaya Balwant da Baffa Gajraj, ƙanen Baba, sun yayyafa madara a kan tokar, suka tsince ƙasusuwan, suka zuba a sabon tulu, suka ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Tulun mamaci ba ya shiga gida, shi ya sa aka rataye shi a cediyar bakin gari. Wannan na gani da idona daga saman ɗaki.

Gobe ko jibi ya kamata Yaya ya kai shi kogin Narmada ya juye, tunda shi kaɗai ne ɗa namiji. Ba zai kai ba. Ya dafa tulun a gaban maza, ya rantse ƙashin Baba ba zai ga kogi ba sai an ƙona gawa daga gidan Hukum, tsohon ƙetaren magudana da ake tuhumar 'ya'yansa da kashe Baba. Baffa ya rungume shi. Pandit Dinanath, tsohon da ke kula da ɗakin bauta, ya ce wannan garkuwa ce aka yi da mamaci. Baffa ya ce masa ya koma ya kaɗa ƙararrawarsa, nan maganar maza ake yi.

Ban gaya wa Inna ba. Na ba ta ƙwayar ciwon sukarinta, ta ci rabin gurasar dawa.

Juma'a, da hantsi

Ina so in rubuta abin da na sani, domin labarin kullum ƙara ƙiba yake yi. Jiya a wajen mai shayi an ce mutum goma ne. Yau na ji an ce ashirin, har da bindigogi. Ni uku na gani: 'ya'yan Hukum biyu da wani da ban sani ba, suna ratsa gonar auduga, kuma ba gudu suke yi ba. Babu bindiga. Ɗaya yana riƙe da shebur.

Litinin ranar ban ruwanmu ce, kowa ya sani. Baba ya tafi buɗe ƙofar magudana da sassafe, ni kuma na bi shi da shayi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Uku na gaya wa 'yan sanda. Baffa ya ce na zubar wa mahaifina da daraja. "Mutum uku su kayar da yayana? Ke dai Ketaki, jami'ar nan ƙirga ƙwayar magani kawai ta koya miki." An ce 'ya'yan Hukum sun bar gari. Hukum da matan gidan suna nan a ƙetaren magudana, ƙofarsu a rufe.

Juma'a, faɗuwar rana

Sugandha, matar Yaya, ta ji maza suna magana a zaure. Wai da wuta ta ci, aka miƙa wa Yaya gorar da ɗa yake fasa ƙoƙon kan mahaifinsa da ita don rai ya samu hanyar fita, sai ya tarar babu abin da ya rage a fasa. Tana tsince wake take gaya mini, ba ta ɗago kai ba. Na zaga bayan ɗaki na yi amai. Ban san dalili ba, ai na riga na sani. Ni na fara isa wurin.

Asabar, da rana

Pandit yana zuwa kullum ya yi wa mamaci karatu a tsakar gida. Mata suna zama, maza suna zaure suna wasa lauje. Ƙarar dutsen wasa tana danne muryar tsohon.

Yau ya yi maganar tushen wahala, sai na ji kamar Baba ne. Baba ya yi rayuwarsa yana koyarwa a firamare, da ya yi ritaya ya koma koyar da duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Yakan ce wahalar mutum saiwa biyar gare ta: rashin sanin ko shi wane ne, da ɗaukar jiki da suna a matsayin shi kansa, da manne wa abin da ya yi daɗi, da ƙin abin da ya yi ɗaci, da tsoron mutuwa. Yakan ce mu baƙi ne da suka kama ɗaki a masauki, kwana ɗaya za su yi, amma suka tashi suna dambe da na ɗakin kusa a kan launin fenti. Akwai mai kallo a cikin kowa, in ji shi, ba ya tsufa, ba ya jin yunwa, ba shi da gona. Wanda ya gane shi ya samu daɗin da ba ya tsami. In na dawo hutu yakan tsokane ni: "'Yar magani, kin koyo na ciwon kai. Na ciwon 'nawa ne' fa, aji nawa ake koyar da shi?"

Duka biyar ɗin suna kaina kamar na jarrabawa. Babu wadda ta hana hannuna rawa.

Lahadi, da sassafe

Hayaƙi a ƙetaren magudana. Rumfar injin ban ruwan Hukum ce. Mai makoki ba ya barin gida sai zuwa wanka, amma Yaya ya shigo da farin mayafinsa yana warin kananzir, gashin hannunsa duk ya babbake. Na shafa masa magani. Ban tambaye shi ba. Sugandha, da cikinta wata bakwai, ta dubi kansa da aka aske ƙwal ta ce ɗan nan in ya fito zai ɗauka duk mazan gidan jarirai ne irinsa. Babu wanda ya yi dariya, har ita.

Litinin, da rana

Tulun yana nan. Yau ya kamata in je ganawar neman aiki a ɗakin magani na wani asibiti a birni.

Talata, da yamma

Sun rama. An tarar da Gauri, farar saniyarmu, a bayan garke an datse mata jijiyoyin ƙafafun baya. Tana jan gindi a ƙasa tana neman tashi, ɗan maraƙinta yana zagaya ta.

Ba za ta warke ba, na duba. Amma saniya ce, a addininmu ba a kashe ta, babu hannun da zai ƙarasa ta, ko na Baffa da yake ta ihun zai yanka mutane kamar kabewa. Na yi mata allurar rage zafi da abin da nake da shi, na mutane ne, ban san ko ya kai ba. Inna ta fito karon farko tun ranar, ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Gauri a cinyarta tana kore mata ƙuda. Kukan saniyar yana shiga ko'ina. Na toshe kunne da auduga, har yanzu ina ji.

Laraba, bayan an dawo daga bakin tafki

Kwana goma. Yau ake ajiye wa mamaci curin shinkafa, a koma gefe a jira hankaka. In ya ci, mamaci ya tafi da zuciya sake. In ya ƙi, akwai abin da ya rage masa.

Hankaki sun zo da yawa. Sun sauka a kan dutsen, suna tafiya kusa da shinkafar, suna karkata kai. Ba wanda ya taɓa. Muka tsaya har rana ta fara zafi. Aka yi abin da aka saba, kowa ya matsa ya yi alkawari da ƙarfi ko za a dace da abin da ke damun mamacin. Goggo ta ce za a kula da Inna. Yaya ya ce za a bar ni in yi aikina a birni. Shiru. Sai Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Kun gani? Jini yake jira. Yayana, ka kwantar da hankalinka, za ka samu."

Ina so in rubuta daidai: ko bayan maganar Baffa ba su ci ba. Wata mota ta wuce, suka tashi gaba ɗaya. Amma kafin mu iso gida labari ya zama wai da Baffa ya ambaci jini hankaki suka yi kuka tare.

 Da muka shigo na kawo wa Inna abinci, ta ture kwanon da bayan hannu. Ashe ta san maganar rantsuwar tun ranar farko. Ta ce mijinta yana rataye a bishiya kamar ƙwaryar zuma, bai mutu ba bai tafi ba, ƙishirwa yake ji, kogi yake nema. Ta ce ba za ta sa hatsi a baki ba sai ya sha Narmada.

Alhamis, da hantsi

Ba ta ci ba. Na dakatar da ƙwayar, don in ta sha da ciki wayam sukarinta zai faɗi ƙasa. Ruwa kawai take karɓa. Gauri ta mutu da safe.

Juma'a, da yamma

Mutanen Baffa sun kama Sevak, surukin Hukum, a hanyar kasuwa. Shi ba ya cikin ukun. Na faɗa, na sake faɗa, na tsaya a bakin zaure na faɗa da ƙarfi. Wanda ban sani ba dogo ne, Sevak gajere ne mai tumbi, taki yake sayarwa. Baffa ya ce a shigar da 'yar birni ciki kafin ta suma.

Daga saman ɗaki na gani. Sun ɗaure shi a jikin cediyar, a ƙarƙashin tulun Baba, don Baba ya gani, in ji su. Sanduna ne. Da farko yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana tuna musu bikin da suka ci tare. Daga baya ya koma kiran uwarsa. Daga baya ya daina kira. Duk sandar da ta kuskure ta sami bishiyar, sai tulun ya yi lilo. Ni tulun nake kallo. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma tsorona a lokacin kada igiyar ta tsinke ne.

Yaya ya sa hannu a dukan. Ba shi ya fi yi ba, amma ya yi. An jefar da Sevak a bakin magudana, an ce da ransa, an ce mutanensa sun ɗauke shi a amalanke. Ban gani ba.

Da Yaya ya shigo ya wanke hannu ya zauna cin abinci, ya kai loma baki, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya mayar da lomar kwano.

Asabar, da rana

Na zuba sukari kaɗan da gishiri a ruwan Inna. Ta kurɓa, ta tofar, ta dube ni. Ta ce daga yau Sugandha ce za ta riƙa ba ta ruwa.

Bindigar da maƙeri ya haɗa wa ɗan Baffa ta fashe a hannunsa wajen gwaji. Yatsu biyu sun tafi. Ni aka kira. Na ɗaure, na ce a kai shi asibiti yanzu. Yana kuka yana zagin gidan Hukum, kamar su suka ƙera ta.

Lahadi, bayan karatu

Na raka Pandit har ƙofa, na tambaye shi abin da yake cina. Na ce da na isa wurin Baba, hannunsa yana kan ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwa da shi, sai da na ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ishe mu da maganar sakin duniya, ya mutu yana riƙe da ƙarfe a kan ruwan rabin yini. To ina amfanin karatun? Ko kuwa alhakin wata rayuwa da ta gabata ne ya biyo shi, kamar yadda Goggo take faɗa?

Ya ce alhakin rayuwar baya shi bai gani ba, ba kuma zai yi shaidar abin da bai gani ba, Goggo ma haka. Game da ƙarfen, ya ce ruwan ranar na gida huɗu ne, biyu na zawarawa, kuma aikin Baba ne ya buɗe. Mutum yana iya riƙe aiki da hannu biyu zuciyarsa a sake, yana kuma iya zama hannu rabbana zuciyarsa a damƙe. Wanne ne na Baba a wannan safiyar, shi bai sani ba. "Mahaifinki ya san hanya. Bai taɓa ce mini ya isa ba."

Na ce to ni in ɗauki tulun in kai. Ya girgiza kai, ya ce a zuriyarmu 'ya mace ba ta juye toka alhali ɗa namiji yana raye, kuma Inna ba za ta karɓa ba, za ta ce ba a yi ba. Wannan gaskiya ne, na san Inna. Sai ya ci gaba da magana kamar da kansa yake, yana neman takalminsa. Wai shi ya sa masu kai tulu suke kaffa-kaffa a bakin kogi, ba sa barin ko gindinsa ya taɓa ruwa kafin su shirya, domin tulun da Narmada ta jiƙa ya zama nata. Ba ya sake hawa matakala, ba ya komawa gari. Duk wanda ya mayar da shi ya yi wa kogi sata.

Na tambaye shi ko da mace ce ta jiƙa shi. Ya ce kunnensa ya tsufa, bai ji tambayata ba. Ya sa takalmi ya tafi.

Litinin, da yamma

Inna ta yi gumi mai sanyi, hannunta yana karkarwa, maganarta tana harɗewa. Na shafa mata zuma a dasashi lokacin da ba ta cikin hayyacinta. Da ta farfaɗo ta ji zaƙi a bakinta sai ta yi kuka, ta sa aka kawo ruwa ta kuskure.

Na sami Yaya a garke, inda Gauri take kwana. Na faɗa masa dalla-dalla yadda jikin mai ciwon sukari yake yi in ya daɗe babu abinci, da abin da zai fara lalacewa, da wanda ba ya gyaruwa. Na ce ya kai tulun, in ya dawo ya yi abin da ya ga dama. Ya ce in ya juye tokar me zai riƙe? Da wane ido zai ratsa kasuwa? Ya ce kwana biyu kawai yake nema, an gano inda 'ya'yan Hukum suke ɓoye. Na ce Inna ba ta da kwana biyun da za ta ba shi aro, kuma in ta mutu ba gidan Hukum ne suka kashe ta ba.

Bai taɓa marina ba sai yau. Leɓena ya fashe ta ciki. Shi ya fi ni razana, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa.

Talata, da hantsi

Da safe Inna ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu tun kafin a haife ni, ta ce in kore awaki daga kan gado.

Na gaya wa Sugandha abin da zan yi. Ta ce Yaya zai kashe ni. Na ce zai iya. Ta shafa ciki, sannan ta ce ita dai ba ta yi shekarun sa farin zanen takaba ba, fari ba ya yi mata kyau. Gobe da safe maza za su tafi birni dubo ɗan Baffa a asibiti, daga can kuma su wuce inda za su wuce. Za ta jira motar da zan hau ta yi nisa, sannan ta kira shi a waya ta gaya masa inda na nufa. Dole ya sani. In bai zo ba, wahalar banza na yi.

Na gwada ƙugiyar da muke sassabo wa awaki ganye da ita. Tana kaiwa reshen.

Alhamis, da rana

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Zan rubuta a jere, yadda ya faru.

Tsohon da aka bari gadin cediya yana gyangyaɗi. Tulun bai kai nauyin da na zata ba. Na sa shi a kwandon cefane, na rufe da tawul. A mota yaron direba ya ce a ɗora kwandon sama, na ce ƙwai ne. Matar da ke kusa da ni ta ga jan ƙyallen ta gefen tawul, ta ja jikinta, can kuma ta haɗa hannu tana motsa baki. Duk ramin da mota ta faɗa ina jin ƙasusuwan suna motsi a cinyata.

Bakin kogi cike yake da masu wanka da masu kwalekwale da malaman da ke yi wa masu makoki addu'a. Ɗaya ya tare ni yana tambayar ina mazan gidanmu. Na ce suna tafe. Na cire takalmi, na sauka matakalar har ta ƙare, na shiga ruwa zuwa ƙugu. Sanyinsa kamar yanka. Na fito da tulun, na tsoma shi har wuya, na ɗago shi yana ɗiga, na juya don kowa ya gani. Malamin ya dafe kai. Sai na rungume tulun na tsaya.

Na daɗe. Ƙafafuna suka daina jin komai. Ina ta tunanin ko Sugandha ta ji tsoro ta fasa, ko Yaya ya zaɓi can ya bar nan, ko Inna ta riga ta tafi ina tsaye a ruwa kamar wawiya.

Na ji babur. Yaya ne da Baffa a baya. Yaya ya sauko matakala da gudu da takalminsa, ya faɗo ruwa. Marin farko ya same ni a kunnen hagu, duniya ta yi ɗif. Na biyu a baki. Ya kama gashina ya danna kaina cikin ruwa, na ɗaga tulun sama da hannu biyu, ban san me ya sa ba, ai ya riga ya jiƙe. Da ya ɗago ni ina tari, jinin bakina yana bin ruwa, ya damƙi wuyan tulun yana ja, ni ma ina ja. Baffa yana sama yana ihu a kawo shi, a bar 'yar banza ta nutse.

Masu kwalekwale ne suka fara sauka, sai malaman, sai masu wanka, suka cika matakalar ƙasa. Ba su taɓa kowa ba. Wani baƙin tsoho mai sandar tuƙi ya ce wa Yaya, "Ɗan'uwa, ya jiƙe, duk mun gani. Ba ya hawowa." Baffa ya buɗe riga ya nuna abin da ke ƙugunsa. Wata tsohuwa da ke matse zani ta ce masa, "Harbi Narmada mana, jarumi. Ga ta nan, ba ta gudu."

Yaya ya dubi matakala, ya dube ni. Idonsa ja. Ya ce, "Kin san abin da kika yi mini? Kin mayar da ni mai karya rantsuwa a gaban duniya."

Na ce, "Jiya Inna ba ta gane ni ba."

Ya ce, "Saki."

Na saki.

Ina so in yi hankali a nan, kada in ƙara gishiri kamar masu shayi. Tun Litinin ɗin da aka kashe Baba akwai abin da ya damƙe mini ƙirji, ko barci nake ba ya sassautawa. Da tulun ya bar hannuna sai ya sassauta. Kunnena yana zafi, bakina yana jini, ban san ko zai juye ko zai kutsa cikin mutane da shi ba, kuma babu sauran abin da zan iya yi. Na ga duk wannan sarai, kamar daga ɗan nesa, kuma wadda take gani ɗin ba ta rawa. Ba zan kira shi farin ciki ba. Bai wuce numfashi kaɗan ba, tsoro ya dawo. Amma na san ba ƙarya Baba yake yi ba, akwai mai kallon da yake faɗa.

Yaya ya tsaya da tulun a ƙirji, shi ba sama ba, shi ba ƙasa ba.  Sai ya sa haƙori ya kunce jan ƙyallen. Malamin ya matso zai fara addu'a, Yaya ya daka masa tsawa. Ya juye da kansa, yana wani irin kuka kamar na Gauri. Tokar ta yi fari a saman ruwa, ƙasusuwan suka nutse. Ya saki tulun ma, ya dulmuya kansa sau uku kamar yadda ake yi.

Da muka fito Baffa ya tofa yawu a matakala, ya hau babur ɗin ya tafi ya bar mu. A mota muka dawo, a jiƙe, shi a gaba ni a baya. Kafin mu shiga ya sayi gora ya cika da ruwan kogin. Bai dube ni ba har gida.

Inna tana da rai. Sugandha ta tallafo ta, Yaya ya ɗiga mata ruwan a baki. Ta shafa mayafinsa ta ji damshi, ta tambaye shi, "Da hannunka?" Ya ce, "Da hannuna, Inna." Ta dubi fuskata da ta kumbura, ta daɗe tana kallo, ba ta tambaya ba. Na dama mata kunun shinkafa mai ruwa-ruwa. Ta sha kaɗan, ya zauna mata a ciki.

Alhamis, faɗuwar rana

Kunnen hagu ba ya ji. Ina zaton fatar ciki ce ta fashe, irin wannan wani lokaci yana haɗewa da kansa, wani lokaci ba ya yi. Yaya ya gaya wa Sugandha ta gaya mini ba shi da ƙanwa.

Ɗazu an yi harbi ta wajen magudana, sau biyu, ban san wa ya harbi wa ba. Jim kaɗan mutanen Baffa suka zo ƙofar gida suna dukan ƙyaure. Yaya yana zaune a bakin gadon Inna da kwanon kunu, don ta ce daga hannunsa za ta sha. Suna kiran sunansa. Wani ya ce ya fito in har ƙanwarsa ba ta ɗaura masa zani ba, sauran suka yi dariya.

Cokalin ya tsaya a tsakanin kwano da bakin Inna.  Sugandha ta daina niƙa. Inna ba ta ce masa kada ya tafi ba, ba ta ma dubi ƙofa ba. Ta buɗe baki kawai, tana jira.

Na juya wa ƙofar kunnena na hagu. Ya hura kunun, ya ba ta.